Ƙaramar Tukunyar Baba

Zuwa ga Goggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Na san ba ni ya kamata in fara ba, kuma ban nemi izinin kowa a gida ba. Na rubuta na yaga, na sake rubutawa, har tsakiyar littafin lissafina ya kusa ƙarewa. Adireshin asibitinku a bayan wani tsohon ambulan na gan shi. Idan na yi rashin kunya, ki ɗauke shi a ƙuruciya.

Goggo, maganar Baba ce. Tun da likita ya ce yana da ciwon hanta, lokacin nan da kika zo kuka sami saɓani da Umma kika tafi ba sallama, bai taɓa fashin shan maganinsa ba. Idonsa ya washe, ciwon shawarar ya sauka. Amma shi kansa kullum raguwa yake yi.

Shagonsa na gaban gida yana nan. Kekunan ɗinkin mutane sun yi layi a ƙarƙashin benci suna jiran gyara. A da da hannu ɗaya yake ɗaga kan keke ya ɗora a tebur. Yanzu sai ya kira ni mu kama tare, sannan ya zauna yana haki yana cewa wai kekunan yanzu ne suka ƙara nauyi. Jiya na ga ya sa sukudireba a noti ya murɗa, notin ko gezau. Ya waiwayo ya ga ina kallonsa, ya ce, "Uwata, yau ba a ba ku aikin makaranta ba ne?" Faratansa sun yi fari, gashin kansa ya yi laushi ya kwanta, kuma yana yawan matsa cinyoyinsa in yana zaton ba mai ganinsa.

Kin san Umma ta ware masa ƙaramar tukunya mai shuɗin murfi. Har yau ita ce. Ba ƙwai, ba kifi, ba nama, ba madara, ba ɗigon mai. Farar shinkafa ce, sai dankali, sai kabejin da aka dafa har ya saki jiki. Tukunyar da sosonta, da cokalinta, da ƙusarta a bango. Ranar da ƙanwata Auta ta tsoma ludayin miya a ciki bisa kuskure, sai da Umma ta wanke ta da tafasasshen ruwa ta shanya a rana. In muna soya kifi, Baba yakan miƙe ya koma shago ya turo ƙofa.

A makon jiya Malamar kimiyya ta koya mana sinadaran da jiki ke buƙata kaɗan-kaɗan. A cikinsu akwai wanda ake kira seleniyam. Ta ce hanta tana kare kanta da shi, kuma an fi samunsa a kifi da ƙwai da nama. Da ta fara lissafa alamomin rashinsa, sai na ji kamar ta taɓa leƙa shagonmu. Ban iya rubuta sauran darasin ba. Tun ranar ba na iya zama wuri ɗaya. In ina aji hankalina yana gida, in ina gida sai in kama shara wurin da na riga na share.

Na ga ana sayar da ƙwayoyinsa a kemis ɗin bakin titi. In samo in ba shi? Ke ce aikinki tsara wa marasa lafiya abinci, shi ya sa na tuna da ke. Waya ɗaya ce a gidan, kuma tana hannun Umma, don haka ki aiko da amsa ta hannun Malamar kimiyya, ta amince za ta karɓar min.

Na bar ki lafiya.
'Yarki mai biyayya

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ashe yarinyar da ke ɓuya bayan labule in na yi sallama ta iya zuba zance haka. Ki daina ba ni haƙuri, ba ki kashe kowa ba.

Abu na farko: kada ƙafarki ta taka kemis ɗin nan. Ko kyauta aka ba ki ƙwayar, ki ce kin gode.

Malamarku ba ta yi ƙarya ba. Duk abin da ya shiga cikin mutum, abinci ko magani, hanta ce ke tace shi. A wurin wannan aiki wasu abubuwa suna fitowa masu cin ƙwayoyinta, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Jiki yana da masu share wannan tsatsar, amma ba sa aiki sai da seleniyam. Lafiyayyar hanta takan jure rashinsa na ɗan lokaci. Wadda ke fama da ciwo kuwa, an haɗa mata biyu ke nan. Ki tambayi babanki Mai Keke abin da ke samun keken da aka daina ɗiga wa mai. Sannan ki tambaye shi abin da ke faruwa in an tuttula man fiye da kima. Seleniyam haka yake: abin da jiki ke so bai kai a gani da ido ba, in ya yi yawa kuma guba ne. Gashi ya zube, farce ya kakkarye, baki ya yi warin tafarnuwa, hantar da ake son taimako ta ƙara wahala.

Kuma kada ki ɗora komai a kan sinadari ɗaya don shi kika koya a makon jiya. Mutumin da ya fi shekara a kan shinkafa da kabeji, ba seleniyam kaɗai ya rasa ba, har abin da ke gina tsoka ya rasa. Ita shinkafar ma, abin da ke cikinta ya danganta da ƙasar da aka noma ta. Daga nan ba zan iya ganin jininsa ba. Abin da ake buƙata shi ne ya koma wurin likitansa, a faɗa wa likitan ainihin abin da yake ci, a nemi gwaji. Na tabbata duk zuwan da yake yi, in an tambaye shi yana cin abinci sai ya ce sosai. Na san ƙanena. Tun yana yaro, da ya ce yana jin ciwo gara ya suma.

Abu na ƙarshe, kuma ki buɗe kunne: kada ki yi komai a bayan idon uwarki. Ni da ita ba mu rabu da daɗi ba, amma ita ke tashi kullum ta ɗora tukunyar nan, ba ni ba. Ki nemi lokacin da ranta yake sanye ki yi mata magana.

Ki gaida Auta. Ki ci abinci ke ma, rubutunki ya yi kama da na mai jin yunwa.

Goggonki

*

Zuwa ga Goggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma godiya da amsarki. Goggo, abin ya lalace, kuma ban san ta inda zan fara ba.

Na yi ta neman lokacin da ran Umma yake sanye, amma duk sanda na buɗe baki sai in ji na ce mata ko in ɗebo ruwa. Da na kasa, sai na kai wa Baba takardarki shago. Ya sa tabarau ya karanta. Da ya zo wurin da kika ce Mai Keke sai ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba, ya ce, "Yaya ba ta canja ba, har a takarda faɗa take yi." Sannan ya shiga juya kwarkwaron zare a hannunsa.

Can ya ce, "Uwata, mai shayin bakin layi yana dafa ƙwai har yanzu?"

Na ce, "Baba, Goggo ta ce kada a yi komai a bayan idon Umma."

Ya ce, "Cewa ta yi kada ke ki yi. Ni ta ambace ni?"

Ban taɓa yi masa musu ba. Na je na karɓo guda ɗaya. Ya juya wa ƙofa baya ya ɓare, ya ci a hankali, har gishirin da ke cikin takarda sai da ya dangwale. Ban iya kallonsa ba, na ta goge keken da ba shi da ƙura. Ɓawon ya tura cikin gwangwanin notuna ya rufe.

Da yamma Auta ta shiga shago wasanta. Sai ga ta a guje cikin tsakar gida da ɓawon a tafin hannu, tana cewa, "Umma, keken Baba ya yi ƙwai." Washegari Baba ya tashi da zazzaɓi da rawar sanyi.

Da Umma ta tambaye ni na faɗa mata komai. Ba ta dake ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta ciro tukunyar daga ƙusarta ta ajiye a gabana, ta ɗora sosonta a kai, ta ce, "Tun da an yi likita a gidan, ga majinyacinki." Sannan ta zauna a bakin ƙofar kicin ta ba ni labarin Kawu, ƙanenta da ban taɓa gani ba. Ta ce shi ma shawara ya yi yana saurayi, ya fara samun sauƙi har yana fita. Wata rana ya ci soyayyen kifi a gidan abokinsa, ba a yi mako ba aka binne shi. Ta ce, "Ni na riƙe kansa. Na yi alkawari ba zan sake riƙe kan wani a kan abin da za a iya hanawa ba. Ke kin karanta a littafi, ni na gani da idona."

Yanzu ni ke dafa shinkafar. Umma ba ta cin abinci sosai, ta ce ba ta jin yunwa. Baba yana kwance yana cewa laifinsa ne, ba wanda ke sauraronsa. Mutane suna zuwa neman kekunansu ina ba su haƙuri ta taga. Yau a aji Malama ta kira ni sau da yawa kafin in ji.

Goggo, ki faɗa min gaskiya ko da ba daɗi. Ƙwan ne ya sa masa zazzaɓin? In shi ne, ni na ɗauko shi da hannuna.

Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi.
'Yarki

*

Uwata,

Dafaffen ƙwai guda ba ya kawo rawar sanyi. Ki ajiye wannan kayan, ba naki ba ne. Amma zazzaɓi a jikin mai ciwon hanta ba abin jira ba ne, a kai shi asibiti. Takardar da ke ciki ta uwarki ce. Ban manne ta ba, amma kada ki karanta. Ki miƙa mata da hannu biyu ki bar wurin.

Goggonki

*

Zuwa ga uwar 'ya'yanmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gida, da ɗawainiya, da jinya. Allah ya saka miki.

Kada ki ga laifin yarinyar nan. Tsoro ne ya sa ta rubuto, irin tsoron da ya sa kika ware tukunya. A nan ta gado ki.

Zan fara da abin da ban faɗa miki ba wancan zuwan. A wurin aikina ina ganin masu irin ciwon ƙanena. Da yawansu ba ciwon ke kwantar da su ba, jiƙe-jiƙen da ake ɗura musu ne da magungunan kashe zafi na kan titi. Ke kin tsaya a ƙofa kin hana ko ɗaya ya shiga bakinsa, har da wanda 'yan uwanmu suka kawo suka tafi suna fushi. Kin sa ya sha maganin likita kullum a kan lokaci. In yau yana da hantar da za a yi magana a kanta, ke ce sanadi bayan Allah.

Na ji labarin marigayi ƙanenki, Allah ya jiƙansa. Ban kasance a wurin ba, ba zan ce miki ga abin da ya ɗauke shi ba. Abin da na sani, irin wannan ciwo yakan yi kamar ya tafi sannan ya juyo da ƙarfi, ko an ci kifi ko ba a ci ba. A da har wasu ma'aikatan asibiti suna hana ƙwai da nama, ba ke kika ƙirƙiro ba. Daga baya aka gane hanta mai ciwo tana buƙatar abin da za ta gyara kanta da shi, kuma yana cikin abincin da ake hana ta.

Ban ce ki yarda da ni ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ki raka shi wurin likita ki shiga ɗakin da kanki. In an tambaya me yake ci, kada ki bar shi ya amsa, ke ki amsa, tun daga safe har dare. Ki ce a auna seleniyam a jininsa tare da sauran gwajin. Abin da likita ya ce bayan nan, tsakaninki da shi ne. Ba zan sa baki ba, kuma kin san wannan ba ƙaramin alkawari ba ne a wurina.

Allah ya ba shi lafiya, ya bar ku tare.
Yayar mijinki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na gode da addu'a.

Mun je. Zazzaɓin na cizon sauro ne, an ba shi magani ya sauka. Na faɗa wa yarinyar, don ta daina bin bango in ta gan ni.

Na shiga ɗakin likita. Da ya tambaya, ƙanenki ya buɗe baki zai ce sosai, na ce ya yi shiru. Na lissafa. Likitan ya ajiye biro ya dube ni, ya ce tun yaushe. Na faɗa masa. Bai yi min faɗa ba. Ya auna damtsensa, ya duba faratansa, ya ce ko ba gwaji a fara ba shi ƙwai da kifi dafaffe. Jinin sun ɗiba, amma na wannan sinadarin sai an aika wani babban ɗakin gwaji, zai ɗauki lokaci.

Na ce sai na ga sakamakon. Ki ce taurin kai ne, ba zan musa ba. Ba don ban ji maganarki ba ne. In na sa ƙwai a tukunyar nan, na yarda ke nan cewa duk tsawon lokacin nan da hannuna nake rage shi. Ba abu ne da mutum zai haɗiya a tsaye ba.

Na karɓi tukunyata daga hannun 'yarki, tana ƙona shinkafar.

Ki huta lafiya.
Matar ƙanenki

*

Zuwa ga Goggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya.

Sakamakon ya zo bayan mun gaji da leƙa asibiti. Seleniyam ɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai, da wasu abubuwan ma, kamar yadda kika ce. Likita ya ce a fara da abinci, ba ƙwayar kemis ba, zai sake aunawa. Ya ce wannan ba zai kori ciwon ba, amma hantar za ta sami abin kare kanta.

Umma ta sa na karanta mata takardar, ta sa na maimaita. Sannan ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito idonta ya yi ja. Ta aiki Auta kanti ta sayo ƙwai. Goggo, a cikin ƙaramar tukunyar ta dafa ƙwan, da shuɗin murfinta. Ta shiga shago ta tsinko zare, ta yanka shi gida huɗu, ta fara cin ɗaya ita da kanta, sannan ta tura wa Baba farantin.

Baba ya ce, "Likita cewa ya yi guda, an ci min kwata."

Ta ce, "Ka ci ukun ka yi shiru, kafin in canja ra'ayi."

Ta zauna a gabansa tana kallon idonsa har ya gama. Wunin ranar kowane motsi sai ta leƙa shago ta ce wai almakashi take nema.

Har yanzu tare muke ɗaga kan keke, kuma notin nan bai kwance ba. Gwajin hantar sai wata mai zuwa. Amma jiya da muka dafa kifi Baba bai tashi ya koma shago ba.

Umma ta ce in tambaye ki wane irin kifi ya fi, kuma ko gasasshe ya halatta. Ta ce in kin ga dama ki rubuta mata da kanki, ko ki zo ki nuna, tun da bakinki ba ya gajiya. Haka ta ce in rubuta, ki gafarce ni.

Goggo, in ba zan dame ki ba, ina neman izininki in sake rubuto miki in sakamakon hantar ya fito, ko mai daɗi ko akasin haka. Wannan karon ba daga littafin lissafi na yago takarda ba. Umma ce ta ba ni ita, har da ambulan.

'Yarki mai biyayya